Gidan Inna a Cikin Kaset

Burs ta wata goma ce, wato tallafin karatu, ta kai ni Japan a farkon shekarun casa'in, in koyo awon ƙasa da zanen taswira. Shekara huɗu na yi. Har yau in mutanen Gure suka tambaye ni abin da ya riƙe ni, cewa nake aiki, don in na ce wasa ne za su zaci kaina ya taɓu a can. Amma gaskiyar magana wasa ne.

Zangona na farko wata makaranta ce a bayan birnin Tokyo. Da safe a koya mana Japananci, da rana a fita da mu awo. Ni mutum ne mai shegen son tambaya tun ina lakwal, har mushenmu, malamin ajinmu, ya taɓa rantsuwa cewa tambayata ce za ta sa masa furfura. A Japan kuwa tambaya ta ishe ni ni kaina. Me ya sa akwatin ƙarfe a bakin titi ke ba da shayi da zafinsa, ba mai tsaro? Me ya sa mutum ke sunkuya wa talho alhali wanda yake magana da shi ba ya ganinsa? Yaya ake barci a tsaye cikin jirgin ƙasa, a kuma farka daidai tashar da za a sauka? Ina da ƙaramin kaye da nake rubuta su, ya cika kafin na samu amsar rabinsu.

Da wata goman ta kusa cika na gamu da wani mutum mai jin Faransanci, sanye da kwat mai kyau, baki kamar zuma. Ya ce yana da hanya a wata jami'a, zai sa a ɗauke ni in ƙara shekara biyu. Ya karɓi takardun shaidar karatuna, na ainihi, ya ce in ba shi sati biyu. Ban ƙara sa shi a ido ba. Lambar talhon da ya bar mini ta wani shagon wankin tufafi ce. Abokan karatuna suka kama hanyar gida, ni na tsaya jiran wanda ba zai zo ba, ga takardar zamana saura wata biyu ta mutu. Kunyar komawa Gure hannu biyu, ba ko takardun da na fita da su, ta fi ƙarfina.

A wannan hali na sami zango na biyu, shagon taliya na wata tsohuwa kusa da ɗakin da na kama. Ta lura ba na cin abin da aka sa wa alade, ba ta tambaye ni dalili ba, sai kawai ta ware ƙaramar tukunya tana yi mini romon kifi. Nakan zauna a lungu bayan na ci, in juya takardar talla in yi ta zana Gure don kewa: tudun rairayi, duwatsun Muniyo daga nesa, kwari da dabinonsa da goribarsa, rijiyoyi, hanyar kasuwa. Wata rana na ji mutum yana numfashi a kafaɗata. Na waiwaya na ga wani siriri mai tabarau, gashi a yamutse kamar ya yi kokawa da iska.

Ya ce, “Wannan wace duniya ce ka ƙirƙiro?”

Na ce, “Ban ƙirƙiro ba. Garinmu ne.”

“Garin gaske? To, me ya sa lambun ke cikin rami?”

Na gaya masa cewa a wajenmu ruwa yana kusa ne a ƙasan kwari, shi ya sa za ka yi tafiyar yini cikin rairayi ba ka ga ganye ba, sai ka leƙa ka ga kore shar a ƙarƙashin ƙafarka. Ya ja kujera. Wa ke da rijiyar? Raƙumi nawa take shayarwa? In baƙo ya zo ina yake kwana? Taliyarsa ta huce bai taɓa ba. Ranar ce na fara gamuwa da wanda ya fi ni tambaya. Sunansa Mori, kuma shi ne mai wani kamfani na wasannin tele.

Shi ya gyara mini takardar zama, ya ɗauke ni mai zanen taswira. A hanyarmu ta zuwa biro, wato ofis, ranar farko ya nuna mini wani ɗaki a saman shagon gyaran kekuna, ya ce nan suka fara, su biyar, suna kwana a ƙarƙashin teburi. Wasansu na farko ya ɗan karɓu. Na biyu kuwa sai da mutane suka yi layi a ƙofar shaguna tun kafin a buɗe. Lokacin da na zo sun kai mutum saba'in, suna hawa uku na wani bene mai gilashi, kowa yana tafiya kamar wanda aka yi wa albishir.

Aka haɗa ni da wata mata mai suna Hayashi, ita ce babbar mai rubuta wa inji umarni. Ba ta dariya, ba ta kuma ɓata magana. Ta cusa kaset a cikin injin wasa, ta miƙo mini abin dannawa. Irin wasansu ba irin wanda ake gamawa a zama ɗaya ba ne. Labari ne dogo. Kai ne jarumin, ɗan mutum kamar ƙwayar wake a fuskar tele, kana bin gari gari, kana magana da mutane, kana yaƙi da dodanni, har ka ceci duniya bayan sati biyar ko shida. Abin ya burge ni ƙwarai. Sai Hayashi ta karɓa ta nuna mini yadda ake yi in an shiga gari. Jarumin ya nufi wani gida, ya tura ƙofa, ya wuce mai gidan, ya buɗe akwati ya ɗauki magani, ya fasa tukunya ya tsinci tsaba, ya fita.

Na ce, “Hayashi-san, wannan jarumin naku ɓarawo ne?”

Ta dube ni ta saman tabarau. “Haka ake yi a duk wasannin.”

“Mai gidan fa? Yana tsaye yana kallo?”

Ta sa jarumin ya koma ya yi masa magana. Mai gidan ya ce yau garin ya yi daɗi.

Na yi dariya har da hawaye. Mutanen da ba sa shiga gidan kansu da takalmi, mutanen da ke ba da haƙuri in inuwarsu ta taɓa ka, su ne suka zauna suka ƙera yaron da ke fasa tukwanen jama'a. Na rubuta wannan ma a sabon kaye.

Wasa na uku da suke shiryawa akwai hamada a ciki, Mori kuwa ya ce garin hamadar nawa ne, in tsara shi yadda na ga dama. Na ce na yarda, amma a garina ba wanda zai shiga gidan mutane ba sallama. Zai tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya jira. Za a kawo masa ruwa ya sha kafin a tambaye shi daga ina. In ya taɓa tukunyar wani, duk garin zai daina amsa masa magana sai ya koma ya roƙi gafara.

Hayashi ta ce, “Kaset kamar ƙaramin buhu yake, Kiyari-san. Kowane harafi yana cin wuri. Kuma masu wasa ba sa son jira.”

Mori ya sosa kai, idonsa na ƙyalli. Ya ce, “A gwada.”

Wata bakwai na yi ina gina garin nan ɗigo bayan ɗigo. Gidan farko da matafiyi zai tarar in ya gangaro daga tudu, gidanmu na zana. Gidanmu a Gure yana kan hanyar kasuwa, kuma tun ina yaro ban san ranar kasuwar da baƙo bai sha ruwan randar mahaifiyata ba, Fulani da Tubawa da masu kanwa, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Don haka matar da ke fitowa da ƙwarya a wasan, Inna ce. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, amma na sa mata shuɗiyar lafayarta. Hayashi ta tambaye ni tsawon jiran da za a yi a ƙofa. Na rufe ido na ƙirga: Inna ta amsa daga ciki, ta ɗauraye ƙwarya, ta ɗebo, ta taho ba gaggawa. Na ce numfashi biyar. Ta ce uku. Muka shirya a huɗu.

Muna cikin wannan aiki wasiƙa ta zo daga yayata Falmata, da rubutun wani malamin lakwal maƙwabcinmu. Inna ta rasu bayan zazzaɓin kwana shida. Da na duba hatimin gidan waya, an yi sati biyar da binne ta. Sati biyar ina cin taliya, ina gardama a kan launin dabino, uwata tana ƙasa. Na yi mata addu'a ni kaɗai a ɗaki, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina ƙarami. Ba wanda zai zo mini ta'aziyya, ba tabarma a ƙofar gida, ba wanda zai ce Allah ya ji ƙanta in ce amin. Kashegari na tafi aiki don ban san inda zan tafi ba.

Ban san wa ya gaya wa Hayashi ba. Da lokacin cin abincin rana ya yi ta tashi, ta ajiye abin dannawa a gefen teburina, ta fita. A fuskar tele jarumin yana tsaye a ƙofar gidanmu. Na danna ya yi sallama. Na jira numfashi huɗu. Ta fito. Tun daga ranar kullum sai Hayashi ta bar mini injinta a daidai wurin nan in za ta fita, har muka rabu ba mu taɓa yin zancen ba.

Zango na gaba gangara ce. Sabbin injinan wasa suka fito, masu cin faifai maimakon kaset, mutanen cikinsu suna da gaba da baya da inuwa, ana juya su kamar mutum-mutumi. Cikin ƴan watanni kowa ya koma can. Mori mutum ne da ba ya iya ganin sabon abu ya kau da kai, sai ya raba ma'aikata biyu, rabi su ƙarasa wasanmu, rabi su fara wani a sabon inji. Ƙarfin bai isa ko ɗaya ba. Na sabon injin ya shekara bai tashi ba aka watsar da shi, namu kuma ya makara. Manyan kamfanoni suka yi ta zare mana mutane. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ake tafiyar: mutum ya zo da kwalin alewa, ya bi teburi teburi yana sunkuyawa yana ba da haƙuri, kowa ya ɗauki ɗaya. Na sha alewa a shekarar nan har haƙorina ya yi ciwo. Daga hawa uku muka koma ɗaya, daga nan muka koma wani tsohon gini kusa da kasuwar kifi, mu goma sha tara.

Sai ga mutanen kamfanin da ke rarraba wasan a shaguna, su uku cikin baƙaƙen kwat. Suka ce ba za su buga babban kaset ba don injin da ya kusa mutuwa, sai ƙarami. Dole a yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wasan. Suka ajiye takarda mai jerin abin da za a cire, garina ne a sama. Waɗanda aka ba su gwaji sun rubuta cewa garin hamada yana da nawa, ana ɓata lokaci a ƙofofi, kuma ba abin ɗauka a gidajen.

A can ƙaramin ma'aikaci ba ya magana a gaban baƙi sai an ce ya yi. Na sani sarai, amma na miƙe. Japanancina ya watse, na yi ta haɗa shi da hannu. Na ce jiran nan shi ne garin. Na ce matar nan uwata ce, ban ga gawarta ba, ban san kabarinta ba, nan kaɗai nake ganinta. Masu kwat suka sunkuyar da kai suna kallon takardunsu, kunya ta kama su a madadina. Mori ya cire tabarau ya goge, ya ce za a duba. Na daɗe a ƙasar, na san in sun ce haka an gama magana.

Sati uku na yi ina zana kogon wani dodo ba na ko ɗaga kai. Na ji haushin Mori, na ji haushin masu kwat, na fi jin haushin kaina da na ɗauki uwata na sa a abin sayarwa. Ranar da kaset ɗin gwaji na ƙarshe ya zo na ƙi taɓa shi, sai da Hayashi ta ce aikina ne in bi taswira in duba kuskure. Na bi. Na haye tudun rairayi ina jiran in ga fili fetal. Sai ga kwari, ga dabino, ga gidanmu.

Na ci gaba da bi har ƙarshe don in gano abin da aka cire a madadinsa. A wasan akwai wani ƙaton macijin teku mai kai bakwai, wanda Hayashi ta shekara guda tana koya wa tsohon injin nan yadda zai murɗa jikinsa. Har daga wasu kamfanoni an zo kallonsa. Babu shi, babu tekun ma gaba ɗaya.

Na je teburinta. “Hayashi-san, ina macijinki?”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Macizai sun yi yawa a wasanni. Ban taɓa ganin wasan da ake jira a ƙofa ba.”

Na tsaya ina neman kalmar godiya da ta kai, ban samu ba a harshe huɗun da nake ji. Ta ce in matsa ina tare mata haske.

Wasan ya fito. Na je wani babban shago don in ga layi da idona. Akwai layi kam, amma na sabon inji ne. Namu yana can ƙasan kanta, sai ka tsuguna za ka gan shi. Na tsaya kusan awa biyu, mutum ɗaya ya ɗauka, ya juya bayansa ya karanta, ya mayar. Bayan wata biyar Mori ya tara mu, ya ce kamfanin ya zo ƙarshe, laifin kuma nasa ne. Ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba, har na ji kamar in je in ɗaga shi. Da zan tafi ya ba ni injin wasa ɗaya, da kaset, da wani akwati mai nauyi na rage ƙarfin wuta, don ya bincika ya gano wutarmu za ta ƙona injin. Har a ranar sai da ya tambaye ni ko raƙumi yana gane rijiyar da ya sha bara.

Daga Yamai na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Damagaram, daga nan na samu mota zuwa Gure. Falmata ce ta roƙi ƙanin babanmu ya kai ni kabarin. Bayan kwana uku, da masu zuwa sannu da zuwa suka ragu, ta zaunar da ni a tsakar gida.

Ta ce, “Kai Kiyari, shekara huɗu. Ta yi ta cigiyarka har bakinta ya rufe. Wane irin aiki ne wannan da ya fi uwa?”

Na ce ta taso in nuna mata. Majon asibiti, wato babban malamin jinya, wani mutumin Tawa da aka turo aiki garinmu, yana da tele, ya ba mu aron ɗakinsa da la'asar. Na haɗa wayoyi. Telenmu da na Japan ashe ba jinsi ɗaya ba ne, hoton ya fito fari da baƙi, yana ɗan rawa, shuɗin lafayar da na sha wahala a kansa ya tafi. Falmata ta zauna a bakin tabarma ta naɗe hannu, fuskar nan a ɗaure.

Na gangaro da jarumin daga tudu. Ta ce, “Wannan ai kwarinmu ne.” Na kai shi ƙofa, ya yi sallama, na fassara mata. Muka jira. Ƙofa ta buɗe, ƴar matar ta fito da ƙwarya, ta tako ba gaggawa, ta tsaya ta miƙa.

Falmata ta saki hannun da ta naɗe. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

“Inna ce wannan?”

“Ita ce, Yaya.”

“To, ka yi kuskure. Yaushe ka taɓa ganin Inna ta ba baƙo ruwa a tsaye? Durƙusawa take yi, ko da yaron Fulani ne. Har cikin ciwon nan nata sai da ta durƙusa wa wani mai kanwa, muka ɗaga ta.”

Gaskiya ta faɗa. Na ƙirga numfashin fitowar Inna, na auna lafayarta, na yi faɗa da masu kwat a kanta, na tsaya a ƙofar nan ya fi sau ɗari, ban taɓa lura ba.

Ta ce, “Sai ka aika musu su gyara.”

Na ce, “Babu su, Yaya. An rufe. Haka za ta zauna.”

Ta ja gefen mayafi ta share ido. A tele Inna tana nan tsaye da ƙwarya tana jiran in danna. Na kai hannu zan kashe injin, Falmata ta riƙe mini hannu.

Ta ce, “Bari. Fitar da shi waje, ya sake sallama.”